Wayoyin da suka bar mu muka leƙa cikinsu



Idan za mu sayi waya muna tambayar ƙarfin batir, muna tambayar kyawun hoto, muna tambayar ko tana ɗaukar layi biyu. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: in na biya kuɗinta, wa ke da iko da abin da ke cikinta, ni ko wanda ya ƙera ta? Mai keke in ya ga dama ya canja sirdi, ya ƙara kariya, ya ɗaura fitila. Mai rediyo yana kwance bayanta ya ga inda waya ta tsinke ya haɗa. Salula kuwa, wadda ta fi su tsada kuma ta fi su sanin sirrinmu, a rufe take ruf. Kana taɓa fuskarta, amma cikinta ba naka ba ne.

An yi wani ɗan gajeren zamani, daga wajen 2007 zuwa 2015, da wasu kamfanoni da wasu masu sa kai suka gwada wata hanya dabam. Sun fito da wayoyin da mai su ke iya buɗe tsarinsu, ya karanta, ya gyara, ya ƙara abin da yake so. Na riski wutsiyar wannan zamani, kuma har yau ina kewarsa. Ina so in faɗi dalilin kewar, don ina ganin maganar ta shafi irin yaran da muke rainowa.

Kowace waya tana da babbar manhaja, wato tsarin da ke tafiyar da komai a cikinta. Mutane ne ke rubuta shi, layi bayan layi, cikin harshen kwamfuta. Yawancin kamfanoni suna ɓoye wannan rubutu. Mu malamai mun san bambancin yaron da ya rubuta amsar lissafi kaɗai, da wanda ya nuna hanyar da ya bi har ya kai ga amsar. Na biyun in ya ɓata a layi na uku, kowa na iya gani ya gyara masa. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka nuna aikinta. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya ɗaga wannan tuta a 1983, ya ce mai amfani da manhaja ya cancanci ya yi aiki da ita yadda yake so, ya nazarce ta, ya ba wani, ya kuma gyara ta ya raba gyaran. A 1991 wani ɗalibin jami'a a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, kuma shi ne tushen kusan duk wayoyin da zan ambata.

Wadda ta fara fitowa da wannan niyya gadan-gadan ita ce ta Openmoko, shirin da wani kamfanin Taiwan ya ɗauki nauyinsa. A 2007 suka fitar da Neo 1973. Sunan tunawa ne da shekarar da Martin Cooper na Motorola ya yi kiran farko da wayar hannu a birnin Niyok. A 2008 suka biyo da Neo FreeRunner. Ba manhajar kaɗai suka buɗe ba, har zanen hanyoyin lantarkin da na gangar jikin wayar suka wallafa, don mai son ƙera nasa ya ƙera. Sai dai wayar ba ta nuna ba tukuna: batir ba ya jimawa, sautin kira ba ya da daɗi, abubuwa da yawa sai mai ita ya haɗa da kansa. A 2009 kamfanin ya dakatar da ƙera sababbi. Amma sun nuna abin zai yiwu.

A ƙarshen 2009 ɗin Nokia ta fitar da N900. Tsarinta, Maemo, daga Debian aka samo shi, wato Linux irin na kwamfutar tebur. Fuskarta inci 3.5 ce, tana da madannan haruffa da ake zamowa daga ƙasa, da ɗan tsinken rubutu, da ma'ajiya mai giga 32, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ƙwaƙwalwar aikinta mega 256 ce kacal. Wayar Android da ta fi kowace arha a kasuwa yau ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ya bambanta ta shi ne wata baƙar taga da ke cikin jerin manhajojinta tun daga kamfani, inda kake rubuta umarni wayar ta bi. Ka sauke wani ɗan ƙaramin shiri, ka rubuta kalmomi biyu, shi ke nan ka zama mai gida: babu ɗakin da ba za ka shiga ba. Ba ta katanga ka haura ba, kamfanin ne da kansa ya bar ƙofar a buɗe.

Ni ta hannu na saya, wajen 2012, a wurin wani mai kawo wayoyi daga Kano. Ya rage mini kuɗi don ta daɗe a tebur. Masu saye suna ɗaga ta su ji nauyinta su ajiye. A lokacin ina riƙe da ƙaramin aji a wata makaranta mai koyarwa da Hausa da Faransanci. Abin da na koyo a Ekol Normal dabarun koyarwa ne, da rubuta shirin darasi, da riƙon aji. Babu wanda ya taɓa koya mini harshen kwamfuta. Wayar ce ta zame mini malami, tare da abin da nake kwafowa daga sibar duk ranar da na shiga gari.

Aikin farko da na yi mata shi ne na haruffanmu. Duk malamin Hausa ya san ciwon ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. A allo kana koya wa yaro cewa kasa ba ƙasa ba ce, kafa ba ƙafa ba ce, dari ba ɗari ba ne, sannan ka ɗauki waya ka ga ita ba ruwanta da lanƙwasa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma shekaru kusan arba'in bayan haka na'urar da ke aljihunmu ba ta san da zaman haruffanmu ba. A N900 tsarin madannan wani fayil ne na rubutu zalla, kowane madanni da layinsa. Na buɗe shi. Na tarar da alamar kuɗin Ingila da ta kuɗin Turai zaune a kan madannai biyu, ni kuwa da sefa ake biyana. Na cire su, na ƙara da wasu alamomi biyu da ba ni da buƙata, na zuba haruffanmu huɗu a gurbinsu. Na saka wani salon rubutu mai ɗauke da su. Na kashe wayar na kunna. Da na danna na ga ƙ ta fito da lanƙwasarta, sai da na daɗe ina kallonta. Ban roƙi kowa ba, ban jira wani kamfani ya tuna da mu ba.

A nan kuma na gane wani abu da ban sani ba da. Saƙon waya na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka saka harafi ɗaya wanda ba ya cikin jerin da aka tanada, sai a koma wani tsarin lissafi, saƙon ya koma 70. Ga shi kuma a wayar wanda ka aika wa sau da yawa ɗan akwati yake gani a gurbin harafin. Wato rubuta Hausa daidai ya fi rubuta ta ba daidai ba cin kiredi. Wannan ba tsautsayi ba ne, shawara ce da wasu suka yanke a inda babu mai jin Hausa. Wanda bai taɓa leƙa ciki ba ba zai san shawara ce ba, sai ya ɗauka haka abin yake tun asali.

Aiki na biyu shi ne na ƙarshen zango. Ajina ya haura yara saba'in. Tara maki, rabawa, fitar da matsakaici, jera na ɗaya har na ƙarshe, aiki ne na dare biyu ko uku da fitila. Wayar tana ɗaukar Python, harshen kwamfuta mai sauƙin karantawa. Sai da na yi makonni ina haɗa layuka kamar ashirin, amma ranar da suka yi aiki na shigar da maki, kafin in ɗaga kofin shayi sakamako ya jeru. Abin da ya fi rage aikin daɗi shi ne na san kowane layi da dalilinsa. Da darakta ya ce a ninka makin wani darasi, lamba ɗaya na canja.

Na uku kuwa yara ne suka fi morarsa. Wayar tana da ɗan abin watsa sauti ta zangon FM, mai kaiwa ƴan taku kaɗan. Sai in naɗi karatun yaro, in ajiye rediyo a tagar aji, in kama zangon da babu tasha, muryarsa ta fito daga rediyo. Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka fara rububin karatu. Wata yarinya ta tambaye ni: “Mushe, ta ina muryar ke bi ta shiga rediyo, tunda babu igiya?” Darasin da muka yi a kan wannan tambaya ba ya cikin shirin da na rubuta, amma yana cikin waɗanda na fi tunawa.

Kada a ɗauka wayar ba ta da aibi. Da ta fito ba ta aika saƙo mai hoto, kuma ba ta gane lambobin nan masu farawa da * su ƙare da #, waɗanda mu a nan da su muke saka kati mu duba saura. A Turai wannan ƙaramin abu ne, a wurinmu kuwa waya ba ta amfanuwa sai da shi. Abin lura shi ne yadda aka magance: masu amfani da wayar ne suka rubuta shirin aika hoto, su suka fara buɗe hanyar lambobin, kafin kamfanin ya saka gyaran lambobin a sabuntawar 2010. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai an bar mutane sun kama kafin su ɗaga.

Zamanin bai yi tsawon rai ba. A Fabrairun 2010 Nokia ta haɗa Maemo da wani tsari na Intel, aka sa masa suna MeeGo. Shekara guda bayan haka, a Fabrairun 2011, sabon shugaban kamfanin, Stephen Elop, ya sanar cewa za su koma tsarin Windows na Microsoft. N9, wadda ta fito a shekarar da MeeGo, an haife ta ne bayan an riga an yanke hukuncin danginta. A 2014 Microsoft ta kammala sayen sashen wayoyin Nokia. Wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin suka kafa Jolla, suka ci gaba da tsarin Sailfish, masu sa kai kuma suka yi shekaru suna fitar wa N900 gyare-gyare bayan mai ita ya juya baya.

A ɓangaren Android ma an yi irin wannan yanayi. Wayar farko, HTC Dream, ta fito a 2008, kuma daga 2009 masu sa kai suka fara CyanogenMod, tsarin da ake zuba wa waya a madadin na kamfani. Wayar da kamfani ya daina kula da ita sai ta samu sabon rai. An rufe shi a Disamban 2016, LineageOS ya gaje shi. Canonical ta gwada Ubuntu a waya, ta janye a 2017. Wanda ya zo har ƙofar gidanmu shi ne Firefox OS na Mozilla: a 2015 Orange ta sanar da wayar Klif a ƙasashe 13, har da Nijar, a kan kuɗin Turai 35, wato kusan jaka 23. Manhajojinta da harshen shafukan intanet ake rubuta su, don haka duk wanda ya iya haɗa ɗan shafi yana iya yi mata manhaja. Kafin shekarar ta ƙare Mozilla ta ce ta daina. Daga tokarsa aka samo KaiOS, wanda ke cikin wasu ƙananan wayoyi masu madannai.

Me ya kashe su? Ba rashin kyau kaɗai ba ne. Mutane suna sayen waya don manhajojin da ƴan uwansu ke amfani da su, masu rubuta manhajoji kuma suna bin inda mutane suka fi yawa. Wayar da ba ta da abin da ake gaisawa da dangi da shi, ko da zinariya aka ƙera ta a tebur za ta kwana. Haka kasuwa ta rage wa Android da iPhone. Android ɗin ma, duk da tushensa a buɗe yake, abubuwan da suka fi muhimmanci a cikinsa sun koma cikin rufaffun manhajojin Google. Kamfanoni da yawa suna kulle ƙofar da ake bi a canja tsari. Huawei ta daina ba da lambar buɗewa a 2018. In ma ka buɗe, manhajojin banki da dama sai su ƙi aiki. Batir an manne shi da gam. Wayar da ke hannuna yau ta zo da manhajojin da ban nema ba kuma ba su goguwa, wasu har talla suke jefo mini, da kiredina.

Dole a yi adalci. Kullen yana da hujja. Yau kuɗin mutane a waya suke, kuma ƙofar da mai gida ke shiga ita ɓarawo ke nema. Tsohuwar da ake aiko wa kuɗin cefane daga Abijan ko Agadas ba ta buƙatar baƙar taga. Tana buƙatar wayar da ba za a yashe ta ba. Wayoyin yau sun fi arha, sun kai ƙauyukan da N900 ba ta taɓa mafarkin zuwa ba, kuma haruffanmu huɗu yanzu suna cikin madannan da ake saukewa kyauta. Duk wannan ci gaba ne, ban musa ba. Abin da nake cewa shi ne ana iya kulle ƙofa a ba mai gida makulli. Abin da aka yi mana shi ne an kulle, an tafi da makullin. Haruffan ma ba mu aka yi, kuma wanda ya ba ka yau yana iya canja ra'ayi gobe. Zanen aro ba ya rufe katara.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen yara. Mu da motar kara muka tashi, da ta gwangwani da waya. Wanda ya ƙera mota da hannunsa ya san dalilin da ya sa taya ke juyawa, in ta karye kuma bai yi kuka ba, ƙaya ya nema ya soke. Yaron yau yana da na'urar da ta fi kwamfutocin ofisoshin da muka sani ƙarfi, amma abin da aka bar masa shi ne shafa gilashi da yatsa. Iyaye sukan ce mini ɗansu ya iya waya sosai. In na bincika sai in ga saurin yatsa ne. Ka tambaye shi ina hoton da ya ɗauka yake zaune, ko me ya sa wayar ke zafi, ko wa ke biyan kuɗin bidiyon da yake kallo kyauta, sai ya yi shiru. Laifin ba nasa ba ne. An ƙera abin ne don kada ya tambaya.

Ga shi kuwa basira ba ta ƙare a garuruwanmu ba. Ku tsaya a rumfar masu gyaran waya a kasuwar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ku ga samarin da wasunsu ko CM2 ba su gama ba suna ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba da iska mai zafi, suna yi wa waya falashin, suna tada wadda aka fid da rai da ita. Su ne magadan wancan zamani a wurinmu, ko da ba su taɓa jin sunan Openmoko ba. Kowane sabon kulle kuma abincinsu yake ragewa, ya ƙara tarin matattun wayoyi a bola.

Wutar ba ta mutu duka ba. Tun 2017 akwai postmarketOS, mai burin waya ta yi shekara goma tana aiki. Akwai PinePhone da Librem 5 da Fairphone, ko da yake da wuya ka gan su a kasuwanninmu. Amma ba sai mun jira su ba. A wayar Android ta yau da kullum ana iya saka F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajoji, daga nan a sauke Termux, wanda ke ba da irin baƙar tagar nan har da Python, ba tare da an taɓa tsarin wayar ba. Kiwix yana ajiye Wikipedia a karanta ba tare da intanet ba, kuma akwai ta Hausa. Tsohuwar kwamfutar da aka jingine a ofishin darakta don ta yi nauyi, sau da yawa Linux mara nauyi na tada ta, a saka mata Scratch yara su haɗa ƙananan wasanni.

Ga iyaye, shawarata ƙarama ce. Matacciyar wayar da ke cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, a kai wa mai gyara ya cire batirinta, don batir na iya kamawa da wuta in an huda shi, sannan a ba yaro sauran da ɗan sukurdireba ya kwance, ya faɗi sunan abin da ya gani. Lokacin babban hutu, mako biyu a rumfar mai gyara amintacce ya fi wata uku na kallon bidiyo, kuma ƴan mata ma a ba su wannan dama. Wayar da ke da kuɗin gida a ciki kuwa, ita ba ta gwaji ba ce.

Ga mu malamai, ko wutar lantarki babu muna iya farawa. A sa yaran CM1 su rubuta a allo matakan fitar da matsakaicin maki, ɗaya bayan ɗaya, sannan a tsayar da yaro guda ya zama na'ura: ba ya yin komai sai abin da aka rubuta, ko da ya san an tsallake mataki. Za a yi dariya, za a yi gardama, za a goge a sake. A cikin awa guda za su gane cewa na'ura ba ta da wayo sai wanda mutum ya zuba mata, kuma mutumin nan yana iya zama ɗayansu. Alli da allo sun isa wannan darasi. Wanda ya gwada a ajinsa, ina so in ji yadda ta kaya.